Motar da Kuke Cewa ta Baffanku Ce

Duk wanda ya taɓa shiga falon Baffanku Nasiru ya san hoton nan da ke saman talabijin: farar mota mai ƙofa biyu, shi a jingine da ita, hular kwano a hammata, baki har kunne. Tun kuna yara kuke ce mata motar Baffa ta Malesiya, ina jin ku ina haɗiye abin da ke raina. Ranar sunan ɗan Fatima kuwa da kunnena na ji mijinta yana ba baƙi labari, wai Baffa ne ya sayi motar yana ɗalibi, shi ya gyara ta, shi ya koya wa kansa tsere. A ranar na ce abin ya isa haka. Motar nan tawa ce. Ni na saye ta, ni na san ciwonta da lafiyarta, ni na raɗa mata suna Balbela saboda farinta. Kuma tunda na zauna rubuta muku rayuwata, ba zan tsallake shekarar nan ba, ko da za ku yi min dariya.

Kun san kakanku Alhaji direban babbar mota ne kafin ya zama mai motoci, kuma a cikin 'ya'yansa ni na gaji sitiyari. Ni ke kai amare, ni ke ɗauko alhazai daga filin jirgi, in tafiya ta yi nisa ni ake tasa. Ko da na zama malamin makaranta, a gidanmu ba a san ni da alli ba, da tuƙi aka san ni. Nasiru kuwa shi ne autanmu, na ba shi shekara wajen ashirin, kuma bahago aka haife shi. Ranar da Alhaji ya ga ya tsoma hagu a kwanon tuwo, bai yi faɗa ba, ni ya kalla.

"Kabiru, kai ne babba. Gyara min hannun yaron nan."

Na kuwa gyara. In za a ci abinci sai in ɗauki ɗankwalin Inna in ɗaure masa hagun a baya. In ya miƙo wa babba abu da hagu, sai in ɗalle masa yatsu. Ba zan zauna ina ba ku haƙuri a kan wannan ba, haka aka yi wa kowane bahago a unguwarmu, kuma ga shi har yau da dama Baffanku yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Abin da ban sani ba shi ne hannun bai mutu ba, kwanciya kawai ya yi yana jira.

Na haura arba'in makarantarmu ta tura ni Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Muka kama gida a Sri Petaling, hawa na tara, ni da Ummanku da ku ukun da aka haifa a lokacin. Muna da 'yar motar kai ku makaranta da zuwa kasuwa, ta ishe mu. Amma wani Balarabe da muke sashe ɗaya da shi a jami'armu da ke Jalan Semarak ya gama karatu zai koma gida, ya ce in zo in ga motarsa. Da na ga Balbela a ƙarƙashin bishiya, ƙasa-ƙasa, kamar ta durƙusa za ta zabura, na san na kamu. 'Yar Japan ce, giyar hannu, ba a taɓa kwance mata ko noti ɗaya ba tun da ta fito daga kamfani. Ummanku ta zagaya ta sau ɗaya ta leƙa kujerar baya.

"Abban Fatima, a ina yaran za su zauna?"

"Ba ta yara ba ce."

"Na gani. Ta babban yaro ce."

A ƙasar nan a hagun titi ake tafiya, sitiyari yana dama, giya kuma tana hannun hagun direba. Duk ɗan Najeriyar da ya je can ya san wannan wahalar. A cikin gari na saba da wuri, don babu mai kora ta. Amma shekara fiye da ashirin hannuna na dama yana canza giya ba tare da ya yi shawara da ni ba, kuma duk ranar da hankalina ya tashi, shi ke riga kowa fita. Sai in ji ƙum, na kai wa ƙofa duka ina neman giya a inda babu ita.

Balaraben ne ya nuna min filin tseren da ke kan hanyar filin jirgin sama. Wasu Asabar ɗin akan buɗe wa kowa miƙaƙƙen titi na mita ɗari huɗu, mota biyu su jera, fitilu su sauko daga ruwan ɗorawa zuwa kore, kowa ya taka iyakar ƙarfinsa, allo ya nuna sakan nawa ka yi. Mai kula da layinmu wani dattijo ne ɗan Malesiya da kowa ke kira Pak Cik, wato kawu a bakinsu. Shi ke buɗe bonet ya leƙa ya tabbatar motarka yadda kamfani ya yi ta haka take, ba a ƙara mata komai ba. Irin motata, in ji shi, a sakan goma sha biyar da 'yan kai take gama titin a hannun yawancin mutane. Wanda duk ya sauko da ita ƙasa da sha biyar ba tare da ya taɓa inji ba, Pak Cik da kansa yake manna masa wata 'yar shuɗiyar sitika a gilashi, ya rubuta sunan direban a jiki. Sitikar ba ta kai tafin hannu ba. Ni da na je neman digirin da za a riƙa ce min Dakta, sai ga shi ita nake mafarki.

Ranar farko na yi abin da kowane baƙo yake yi. Na cika totur har inji yana kuka, na saki kuloci gaba ɗaya, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, samari suna tafi. Na dawo ina jin kaina. Pak Cik ya nuna min baƙin layin da na bari a kwalta.

"Doctor, hayaƙin nan lokacinka ne ya ƙone. Slow sikit lah, kaɗan-kaɗan."

Maganar ta tsaya min a rai. Daga nan na ɗauki tashi daga layi kamar wani babi na karatuna. Bayan sallar asuba nakan tafi filin ajiye motoci na Bukit Jalil kafin kowa ya zo, in tsaya, in tashi, in tsaya, in tashi, har ƙafata ta hagu ta fara rawa. A hankali Balbela ta faɗa min abin da take so. Tana son a ɗan rage iskar tayoyin baya don su kama ƙasa. Tana son a sauke mata kaya, tayar ko-ta-kwana da jak da tabarmar salla da duk tarkacen da kuke zuba min a but, mai kuma rabin tanki. Ba ta son ruwan nan da ake zubawa a bakin layi don masu tayar tsere, tayar titi in ta jiƙe ta lalace, sai dai a kewaye shi. Tana gudu da safe fiye da tsakar rana, in ta yi zafi kuma a buɗe mata bonet ta sha iska. Na gano agogon filin ba ya fara lissafi sai tayarka ta motsa, don haka babu dalilin da koren fitila zai firgita mutum. Babban sirrin kuma yana ƙafa. Ka tsayar da allurar inji a tsakiya, ba can sama ba. Ka ɗago kuloci har ka ji motar ta ɗan ɗaga kafaɗa, ka riƙe ta a nan gwargwadon numfashi ɗaya, sannan ka riƙa ba ta totur kana sakin ƙafa a tare, kamar mai sauke tulu cike da ruwa daga ka. In ka yi daidai, taya za ta yi 'yar ƙara sau ɗaya tak, kujera ta tokare ka a baya. Cikin 'yan watanni babu mai irin motata da ke riga ni barin layi. Amma da na zo canza giya sai abin da na tara ya zube. Hannuna na hagu yana aiki kamar ɗan haya, a hankali, yana tunani. In na matsa masa, na dama ya fito ya bugi ƙofa.

A cikin wannan hali Alhaji ya bugo waya ya ce ya samar wa Nasiru gurbi a wata kwaleji mai zaman kanta, zai zauna a wurina in sa masa ido. Ya zo da 'yar jakarsa, muka ba shi ɗakin baƙi. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ke kai ku masallaci, shi ke sauka ya yi mana tapau, wato ya sayo abinci a ƙunshe daga shagon mamak, Indiyawan nan masu sayar da abinci, na ƙasan gidanmu in Ummanku ta gaji. Wata Asabar na ce ya raka ni fili ya riƙe min kular ruwa. Na yi zagayena, na dawo da sha biyar ɗina da 'yan kai kamar kullum. Sai ya matso yana sosa ƙeya.

"Yaya, ko sau ɗaya ne, in gwada?"

Na ba shi mukulli ina dariya a raina. Ya tashi kamar yadda na zata, hayaƙi ya turnuƙe, motar tana wutsil-wutsil. Har na juya zan ce wa Pak Cik ga wani mai ƙona lokacin, sai kunnena ya ji abin da bai taɓa ji daga Balbela ba. Daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, kukan injin bai yanke ba. Ni in na canza akwai ɗan shiru a tsakani, kamar mai karatu ya tsaya shan numfashi. Shi babu. Allo ya nuna lokacinsa, kuma da wannan mummunan tashin nasa, a ranarsa ta farko, a cikin motata, ya fi duk abin da na taɓa yi. Pak Cik ya kama hannun hagunsa yana jujjuyawa kamar mai taya kaya a kasuwa.

"Kidal! Patutlah, shi ya sa!"

Kidal shi ne bahago a yarensu, kuma daga ranar sunan ya bi shi. Ni kuma wani abu ya tokare min a ƙirji wanda ban san shi ba sai ranar. Na taɓa ganin abokaina sun riga ni gina gida, sun riga ni samun girma a wurin aiki, ko a jikina. Amma yaron da na goya, hannun da na ɗaure da ɗankwali, a kan abu ɗaya tilo da aka san ni da shi a gidanmu! Kishi ne, tsagwaronsa, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba shi. A hanyar komawa gida yana ta surutu shi kaɗai har muka shiga lif.

Gidan ma bai taimake ni ba. Kai Sadiƙu, kana ɗan shekara shida, ka tare ni a ƙofa da Turancin nan naku na 'yan can.

"Abba, is it true Baffa is faster than you?"

Na ce ka je ka yi aikin makaranta. Daga nan Nasiru ya zama ɗan kowace Asabar, don hana shi zai zama na nuna abin da ke cikina. Samarinmu 'yan Najeriya da ke zuwa kallo, waɗanda da suke gaishe ni da Dakta mai Balbela, suka koma tambayata ko Kidal zai zo. Wani ɗan Legas har ce min ya yi, "Oga, your brother sabi drive o, na you teach am?" Na ce eh. A ɓoye kuma na shiga horar da hannuna. Nakan sauka gareji in zauna a cikin mota a kashe ina ta canza giya. Na koma goge baki da hagu, buɗe ƙofa da hagu, juya shayi da hagu. Wata rana a kedai, kantin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, mai kanti ya miƙo min canji, ban ankara ba na karɓa da hagu, a gaban Ummanku. Da muka fito ta kalle ni.

"Ikon Allah. Kai da ka ɗaure na yaro, yau naka kake kwancewa?"

"Motsa jiki ne."

"To a yi a hankali, kada mu koma Kano ka miƙa wa Alhaji hagu."

Shi Nasiru bai san ina yi ba, ko kuma ya sani ya rufa min asiri. Abin da ke damunsa daban ne. Yana kusa da sha biyar, kusa ƙwarai, amma tashinsa yana cinye masa abin da hannunsa ya samo. Ni ina da farkon titi, shi yana da ƙarshensa, sitikar kuma tana son duka biyun. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya same ni ina rage iskar taya ya tsuguna kusa da ni.

"Yaya, wai ya kake yi ne? Kai in ka tashi kamar an harba ka, ni kuma sai hayaƙi."

"Sabo ne kawai. Ka ci gaba da gwadawa."

Haka nake ce masa, kuma har yau ban ga laifina ba. Shi kyauta aka ba shi nasa, yana cikin zanin goyo. Ni nawa da asubanci na samo shi, da ciwon gwiwa. In na ba shi, ya haɗa biyu, ni me ya rage min? Akwai ranar da dabara ta zo min, na ce ni in tuƙa shi ya zauna a gefe ya riƙa canza min giya. Muka gwada a Bukit Jalil. Sai da muka zauna muka ga wautar: wanda ke kujerar gefe, giya tana hannun damansa ne. Ya kama ta da hannun da na gyara masa, ya jefa mu giya ta biyar muna tafiyar hawainiya. Muka yi dariya har da hawaye, kuma ina jin ita ce dariya ta gaskiya ɗaya da na yi da shi a shekarar.

Karatu ya ƙare, na kare kundina, aka sa mana ranar komawa. Balbela ba za ta bi mu ba, don mota mai sitiyari a dama ba ta da wurin zama a titin gida. Wani saurayi ɗan Sin ya yi cinikinta, zai karɓa ranar Litinin, kuma bai ɓoye min ba, ya ce da ya karɓa zai kai ta gareji a sa mata tabo mai ƙara wa inji ƙarfi da ƙatuwar salansa. Wato Asabar ɗin nan ita ce ta ƙarshe gare ni, ita ce kuma ta ƙarshe da Balbela za ta tsaya a gaban Pak Cik a yadda aka haife ta. Ummanku da ba ta taɓa zuwa ba ta ce yau kam sai ta ga abin da ya raba ta da mijinta duk Asabar, ta kwaso ku a ƙaramar mota.

Na ce wa Nasiru yau ni zan fara, ya ce to. Gari ya yi luf, hadari yana haɗuwa ta gabas, iska mai sanyi irin wadda inji ke so. Na kewaye ruwa, na tsaya a layi, na tsayar da allura. Tashin da na yi a ranar ban taɓa yin irinsa ba, taya ta yi 'yar ƙararta sau ɗaya, kujera ta tokare ni, motar da ke gefena ta ɓace daga idona. Giya ta biyu ta shiga lafiya. Zuciyata ta ce yau ce, yau ce, Kabiru. Allura ta hau, lokacin ta uku ya yi, sai na ji ƙum. Hannuna na dama yana jikin ƙofa. Kafin na hagun ya tuna aikinsa ne, inji ya yi kukan banza, komai ya wuce. Na dawo ta bayan fili a hankali, yatsuna suna zogi, idona yana yaji a cikin hular kwano.

Ina fitowa Pak Cik ya zo yana nuna sama. Ya ce ruwa na zuwa, in ya sauka an rufe, kowace mota saura zagaye ɗaya. Ya kalle ni, ya kalli Nasiru, ya wuce abinsa. Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce in shiga, ai motata ce. Ummanku ta matso da lemarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Abban Fatima, ni dai ba zan koma Kano in tsufa ina jin labarin sha biyar ba. Ko kai ko shi, wani ya fitar mana da ita."

Zan so in ce muku son ɗan'uwa ne ya motsa ni, amma ba shi ba ne. A lokacin ko kallonsa ba na son yi. Motar na kalla. Bonet a buɗe, tana ɗan ƙas-ƙas tana hucewa, ba ta taɓa yi min gardama ba, duk abin da na roƙa ta ba ni. Na san tana da sha huɗu a cikinta, na ji shi a bayana minti kaɗan da suka wuce. In na sake shiga, hannuna zai iya sake cin amanarta, jibi kuma a farke ta, ba wanda zai taɓa sanin abin da ta iya. Na cire hular na dangwara masa a ƙirji.

"Shiga. Bar ƙofar a buɗe."

Ya zauna. Ni kuma, babban wansa, Dakta sabo fil, a gaban matata da 'ya'yana da samarin da ke ce min Oga, na durƙusa a kan kwalta a bakin ƙofar na zura hannu na kama idon sawunsa na hagu. Ku da kuka tashi a gidanmu kun san abin da wannan yake nufi. Tun da aka haife shi shi ke durƙusa min. Ya zabura zai fito.

"Yaya, don Allah tashi, mutane na kallo!"

"Rufe min baki. Ba ni ƙafar."

Na sa ya taka kuloci, na riƙa ɗago ƙafar da hannuna. Nan, na ce, nan za ka ji ta ɗaga kafaɗa, a nan za ka tsaya, ja numfashi ɗaya, sannan ka sake ta haka, haka, ba fizga ba. Na maimaita masa har na ji ƙafar ta daina gardama. Na nuna masa inda allura za ta tsaya, ya ce ai ya yi ƙasa da yawa, na ce wa ya tambaye ka. Na ce ya kewaye ruwa, kada kuma ya kula da koren fitila, agogo shi yake jira. Duk abin da na tara da asuba a Bukit Jalil na juye masa kafin a kira lambarmu, ban rage ko ɗaya ba. Da na miƙe, gwiwar wandona ta yi baƙi, samarin nan kuma kowa ya sami wani wurin kallo.

Na tsaya a bakin shinge. Ya kewaye ruwa. Na ji injin ya tsaya daidai inda na ce. Fitila ta yi kore, bai motsa ba, har wani ya yi ihu, sannan taya ta yi 'yar ƙara sau ɗaya tak. Tashina ne, sak, kamar ina kallon kaina daga waje. Sai kuma kukan nan nasa marar yankewa ya ɗora a kai, ta biyu, ta uku, har ya ƙanƙance a ƙarshen titi. Allo ya kawo sha huɗu da ɗigo takwas. Ku kuka hau tsalle, Ummanku ta saki guɗa a ƙasar mutane, ɗigon ruwa na farko ya faɗo min a goshi. Na jira farin ciki ya zo. Ya zo, amma ɗan kaɗan, kuma na motar ne. Sauran duk kishi ne, mai ɗaci, har a harshena nake jin sa.

Pak Cik ya buɗe bonet ya leƙa don cika ƙa'ida, ya fito da shuɗiyar sitikar, ya rubuta Kidal a jiki, ya manna a gilashin motata. Nasiru ya ratso mutane ya nufo ni, ya miƙo min mukulli. Da hagu ya miƙo. Sai ya ga hannun, ya janye da sauri kamar ya taɓa wuta, ya mayar da mukullin dama, ya ɗan rusuna.

"Yi haƙuri, Yaya."

"Mayar da shi inda yake."

Ya tsaya yana kallona. Na ce ya mayar. Ya mayar da mukullin hagu ya sake miƙowa a hankali, ni ma na miƙa nawa hagun, wanda na shafe watanni ina horarwa, don in karɓa. Mukullin ya zame ta tsakanin yatsuna ya faɗi a kwalta.

Ranar Litinin ɗan Sin ya zo ya ga sitika, ya ce ashe motar Kidal ce, ba zai ɓamɓare ta ba. Haka sunan ya tafi da ita, haka kuma ya biyo mu gida. Baffanku bai taɓa cewa shi ya saya ba, na shaide shi, amma ban taɓa jin ya yi gardama da ƙarfi in an faɗa ba. Har gobe in na shiga falonsa na ɗaga kai, abin nan yana motsawa a ƙirjina, tsufa bai kashe shi ba.

Ummanku ce ta ɗauki hoton, ana yayyafi. Ta yi ta kira na in shiga, na ƙi, na ja gefe na harɗe hannu. In kun sake zuwa gidan, ku sauko da shi ku duba kusurwar ƙasa ta hagu, kusa da tayar baya. Akwai ƙafa guda a cikin baƙin takalmi, da gwiwar wando mai dattin kwalta. Ku nuna wa mijin Fatima. Tawa ce.